Tarihin Juan Manuel Fangio, Gwanin Tseren Motoci

A shekarar 1950 aka kafa gasar duniya ta tseren motoci wadda ake kira Formula 1, watau matakin ƙoli a wannan wasa. A cikin shekaru takwas na farkon gasar, mutum ɗaya ya ɗauki kambun sau biyar, kuma da motocin kamfanoni huɗu daban-daban ya yi haka. Wannan mutum shi ne Juan Manuel Fangio na ƙasar Ajantina. Ya shiga fagen Turai yana gab da cika shekara arba'in, lokacin da tsararrakinsa da yawa suke shirin ajiye sitiyari, sa'an nan ya fita daga fagen da ƙafarsa, a zamanin da mutuwa ta fi tsufa saurin raba direba da mota.

Asalinsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Fangio ranar 24 ga watan Yuni, 1911, a garin Balcarce na lardin Buenos Aires, gari ne na manoman dankalin Turawa. Iyayensa 'yan asalin yankin Abruzzo ne na ƙasar Italiya, irin talakawan da neman abinci ya tsallakar da su teku. Mahaifinsa, Loreto, ya yi ƙwadago a gonaki kafin ya koma sana'ar gini. Fangio shi ne na huɗu cikin 'ya'ya shida. Abokan ƙwallonsa ne suka laƙaba masa El Chueco, saboda ƙafafunsa sun ɗan lanƙwashe kamar baka, kuma sunan bai rabu da shi ba har kabari.

Bai yi nisa a karatun boko ba. Yana ɗan shekara 13 ya bar makaranta ya zama yaron kanikawa, ya fara da share gareji da wanke kayan inji. Yana wajen shekara 16 ciwon huhu ya kwantar da shi wata biyu, har aka fid da rai. Da ya je aikin soja na tilas sai aka mai da shi direban hafsansa, da ya dawo gida kuma ya buɗe garejinsa. Wannan asali na kanikanci ya kamata a riƙe shi, domin shi ya bambanta shi da yawancin abokan karawarsa na Turai, waɗanda 'ya'yan masu hali ne. Shi kunnensa ya san kukan inji tun yana yaro, yana jin inda ƙarfe ya gaji kafin ya karye, don haka ba ya tambayar mota abin da ba ta iya bayarwa.

Tserensa na farko ya yi shi a 1936 da wata tsohuwar motar haya ƙirar Ford ta aro. Ya shiga da sunan Rivadavia, sunan ƙungiyar ƙwallonsu, don kada iyayensa su ji labari. Injin ya lalace, bai kai ƙarshe ba.

Makarantar Hanya

Irin tseren da ya fi farin jini a Ajantina a wancan lokaci shi ne na dogon zango, wanda ake yi da motocin kasuwa da aka yi wa kwaskwarima, a kan hanyoyin da ba su ga kwalta ba, daga gari zuwa gari, wani lokaci daga ƙasa zuwa ƙasa. Mutanen Balcarce suka yi karo-karo suka saya wa ɗansu mota ƙirar Chevrolet. Da irin wannan mota ya ci babban tseren 1940, wanda ya tashi daga Buenos Aires, ya ratsa Bolibiya, ya kai birnin Lima na Feru, sa'an nan ya komo, tafiyar fiye da kilomita 9,000. Hanyar ta bi ta kan duwatsun Andes, inda tudu yake wuce mita 4,000, iska ta yi ƙaranci har mutum da inji duka su riƙa haki. Direba da mataimakinsa su ne kanikawan kansu: su yi tuƙi da rana, su kwana gyara da dare. Fangio ya zama zakaran ƙasa a 1940 da 1941, kuma hamayyarsa da Oscar Gálvez, mai tuƙa Ford, ta raba 'yan kallon Ajantina gida biyu.

Yaƙin Duniya na Biyu ya tsai da wasan, saboda ƙarancin taya da mai. Fangio ya koma cinikin manyan motoci. Ta haka shekarun ƙarfinsa, daga talatin da ɗaya zuwa talatin da biyar, suka wuce ba tare da ya yi tseren kirki ba.

A watan Oktoba na 1948 aka shirya tsere daga Buenos Aires zuwa Caracas ta ƙasar Benezuwela. Da aka isa Lima sai aka tarar ƙasar Feru tana cikin rikicin juyin mulki, aka tilasta wa direbobi su tashi da dare ba su huta ba. A arewacin ƙasar, cikin hazo da gajiya, wata kwana ta kuɓuce wa Fangio, motar ta wuntsila. Mataimakinsa kuma amininsa, Daniel Urrutia, ya faɗo daga motar ya rasu. Gálvez, abokin hamayyarsa, yana cikin waɗanda suka tsaya taimako. Fangio ya ɗauki alhakin wannan mutuwa a kansa, har ya yi tunanin barin wasan ɗungum.

Shigarsa Turai

Gwamnatin Shugaba Juan Perón tana son duniya ta san da Ajantina, ta kuma ga tseren motoci hanya ce mai sauƙi. Saboda haka a 1949 ƙungiyar masu motoci ta ƙasar, da goyon bayan gwamnati, ta tura Fangio Turai da mota ƙirar Maserati mai launin shuɗi da rawaya. Ya ci tseren San Remo, ya ci na Pau, ya ci na Perpignan da na Marseille, ya ƙara da na Monza da na Albi. Turawa suka ga wani kakkauran mutum mai sanƙo, mai siririyar murya, ba ya hayaniya, ba ya fariya, yana cinye su ɗaya bayan ɗaya. Kamfanin Alfa Romeo, wanda motocinsa suka fi na kowa gudu a lokacin, ya ɗauke shi don gasar duniya ta farko.

Wani abu da ya faru a Monako a 1950 yana nuna irin hankalinsa. A zagayen farko igiyar teku ta watso ruwa kan hanya a wata kwana da ke bakin tashar jiragen ruwa, motoci kusan tara suka yi karo suka toshe hanyar. Fangio yana gaba, ya riga ya wuce, bai san abin da ya auku a bayansa ba. Da ya zagayo zai sake isa wurin, sai ya lura cewa taron 'yan kallo ya yi duhu, watau ƙeyoyinsu yake gani maimakon fuskokinsu. Ya san kuwa babu abin da zai ɗauke idon jama'a daga mai jagorancin tsere sai wani abu mafi girma. Ya taka birki tun kafin ya ga tarkacen, ya lallaɓa ya wuce, ya ci tseren. A ƙarshen shekarar abokin aikinsa, Giuseppe Farina, ya ɗauki kambun da tazarar maki uku, bayan motar Fangio ta lalace a tseren ƙarshe. A 1951 Fangio ya rama, ya zama zakaran duniya karo na farko yana da shekara 40.

Shekarar 1952 ta kusa zama ta ƙarshe gare shi, kuma laifin nasa ne. Ya yi tsere a Ailan ta Arewa ranar Asabar, alhali ya yi alkawarin wani tseren a Monza ta Italiya ranar Lahadi. Jirgin sama ya kai shi Faris, daga nan yanayi ya hana tashi, sai ya ari mota ya kwana yana tuƙi ta cikin duwatsu. Ya isa saura rabin sa'a a fara, bai runtsa ba, bai gwada motar ba, aka sa shi a sahun baya. A zagaye na biyu motar ta ƙwace ta yi sama da shi, ta jefar da shi, ƙashin wuyansa ya karye. Ya yi sauran shekarar yana jinya, wuyan kuma bai sake juyawa sosai ba har ƙarshen ransa. Ya dawo a 1953 ya zo na biyu a bayan Alberto Ascari.

Shekarun Mercedes

A 1954 kamfanin Mercedes-Benz na Jamus ya shigo gasar duniya karo na farko, ya nemi Fangio. Da yake motarsu ba ta kammala ba a farkon shekara, sai ya ci tseren Ajantina da na Beljiyam da Maserati, sa'an nan ya hau sabuwar Mercedes a Reims ta Faransa ranar 4 ga Yuli ya ci. A wannan rana ce kuma Jamus ta Yamma ta ci kofin ƙwallon ƙafa na duniya, don haka Jamusawa suka kwana da murna biyu. Fangio ya ci tsere shida a shekarar ya ɗauki kambu na biyu. Amma a cikin shekarar ne Onofre Marimón, matashin Ajantina da Fangio ya riƙa kamar ɗa, ya mutu wajen gwaji a Nürburgring. Washegari Fangio ya shiga mota ya ci tseren.

Yana da kyau a san irin motocin da ake magana a kansu. Injin yana gaba, tankin mai yana bayan direba, tayoyin sirara ne, birkin kuma yana rage kamawa in ya yi zafi. Babu ɗamarar kujera, domin direbobin sun fi son mota ta jefar da su da a ce ta kama da wuta suna ɗaure a ciki. Hular kwano ma sai a 1952 aka tilasta ta, kafin nan hular yadi ce. Abin da ya raba hanya da bishiyoyi ko 'yan kallo, in ma akwai, damin ciyawa ne. A cikin irin wannan mota Fangio ya yi sa'a uku a tseren Ajantina na watan Janairun 1955, zafin rana ya haura digiri 35, direbobi suna ta sauka suna miƙa motocinsu ga wasu don jiri. Shi da wani ɗan ƙasarsa, Roberto Mieres, su kaɗai suka kai ƙarshe ba a karɓe su ba. Wani ƙarfe da salansa ta gasa ya yi ta ƙona masa ƙafa har aka tashi, tabon kuma ya zauna.

Ranar 11 ga Yuni, 1955, a tseren sa'a 24 na Le Mans, aka yi haɗari mafi muni a tarihin wasan. Mike Hawthorn ya taka birkin Jaguar ɗinsa zai shiga wurin shan mai, Lance Macklin da ke bayansa ya kauce, sai Mercedes ɗin Pierre Levegh ta hau bayan motar Macklin ta tashi sama ta tarwatse cikin jama'a. Levegh ya mutu tare da 'yan kallo fiye da 80. Fangio yana biye da shi ƙut da ƙut, ya ratsa ta tsakanin motocin bai taɓa kowa da ƙarfi ba, kuma ya riƙa faɗa daga baya cewa Levegh ya ɗaga masa hannu don gargaɗi a sakan na ƙarshe. Cikin dare Mercedes ta janye motocinta alhali suna kan gaba. An soke manyan tsere huɗu a shekarar, ƙasar Siwizalan kuma ta haramta irin wannan wasa a ƙasarta, haramcin da ya wuce shekara sittin yana aiki. Fangio ya ɗauki kambu na uku, Mercedes kuma ta bar wasan a ƙarshen shekara.

Abokin aikinsa a wannan shekara shi ne matashin Ingila Stirling Moss, wanda yakan bi bayansa dab da dab yana koyon yadda yake shiga kwana. A tseren Ingila, a Aintree, Moss ya riga shi tsallake layi da ƙasa da rabin sakan. Har Fangio ya mutu Moss bai tabbatar ko cinsa ya yi ko bar masa aka yi a gaban mutanen ƙasarsa ba, domin duk lokacin da ya tambaya, Fangio yakan nuna masa cewa shi ne ya fi a ranar.

Kyautar Collins

Shekarar 1956 a kamfanin Ferrari ya yi ta, kuma jininsu bai haɗu da mai kamfanin, Enzo Ferrari, ba. A wancan zamani doka ta yarda direba ya karɓi motar abokin aikinsa a tsakiyar tsere, su raba maki. Masu sukar Fangio sukan kafa hujja da wannan shekara, kuma suna da abin faɗa, domin sau uku ya ƙarasa tsere da motar wani. Na ukun shi ne na Monza, tseren ƙarshe na shekara. Ƙarfen sitiyarin motarsa ya karye, ya zauna a gefe. Aka nemi Luigi Musso ya ba da tasa, ya ƙi, domin yana neman nasara a gaban 'yan ƙasarsa. Sai Peter Collins, ɗan Ingila mai shekara 24, ya shigo a duba masa taya. Shi kansa Collins yana da damar zama zakaran duniya a ranar, ko da yake damar siririya ce, sai ya ci tseren kuma ya fi kowa saurin zagaye. Da ya ga Fangio zaune, ya fito daga motarsa ba wanda ya umarce shi, ya miƙa masa. Fangio ya zo na biyu ya ɗauki kambu na huɗu. Collins ya ɗauka cewa shi yaro ne, lokacinsa yana gaba. Shekara biyu ba ta cika ba ya mutu a Nürburgring.

Nürburgring, 1957

Masana wasan da yawa suna ganin ba a taɓa tuƙi irin wanda Fangio ya yi ranar 4 ga Agusta, 1957 ba. Filin Nürburgring hanya ce da ta ratsa daji da tuddai a yammacin Jamus, a lokacin zagaye ɗaya kilomita 22.8 ne, kwanoninta sun fi 170, kuma sau 22 za a zagaya. Fangio ya koma Maserati, yana da shekara 46. Motocin Ferrari na Hawthorn da Collins sun cika tanki, da niyyar ba za su tsaya ba. Tayoyin Maserati ba za su kai ƙarshe ba, don haka aka shirya Fangio ya tashi da rabin tanki, motar ta yi sauƙi, ya ba da rata, sa'an nan ya tsaya ya sha mai a canza taya.

Rabin farko na shirin ya tafi daidai. Ya shigo bayan zagaye na 12 da ratar kusan sakan 30. Nan aka yi ɓarna: notin taya ya kuɓuce wa bakanike ya gangara ƙarƙashin mota, aka yi ta lalube. Kafin ya fita, ratar ta juye, yana bayan Ferrari biyun da kusan sakan 50, saura zagaye goma.

Da farko bai matsa ba, tayoyin sababbi ne kuma tankin ya yi nauyi. Mutanen Ferrari suka ga ratar ba ta raguwa, suka ɗaga wa direbobinsu allon su kwantar da hankali. A filin da zagaye ɗaya yake cin fiye da minti tara, saƙo ba ya isa ga direba sai sau ɗaya a minti tara, don haka kafin a gyara wannan kuskure Fangio ya riga ya yi nisa. Ya fara shiga kwanoni da giya ɗaya sama da wadda ya saba, inda yakan ɗaga ƙafa daga totur ya daina ɗagawa, motar tana tashi sama a kan tudu tana dira a bakin ciyawa. Ya yi ta karya tarihin saurin zagaye yana sake karyawa. A zagaye na 20 ya yi minti 9 da sakan 17.4, alhali a gwajin da ya ba shi sahun gaba minti 9 da sakan 25.6 ya yi, tarihin da ya kafa a 1956 kuwa minti 9 da sakan 41.6 ne. Kujerarsa ma ta karye, ya riƙa tokare jikinsa da gwiwa. A zagaye na 21 ya wuce Collins, ya kuma wuce Hawthorn da tayoyi biyu a kan ciyawa. Ya ci da tazarar sakan 3.6, kambu na biyar ya tabbata. Waɗanda ya kayar su ne suka fara zuwa taya shi murna.

Abin lura shi ne, wannan rana ta saɓa wa ɗabi'arsa. Duk rayuwarsa an san shi da cin tsere da mafi ƙarancin gudun da zai wadatar, ba ya ƙari. A ranar ya tsallake iyakar da ya gindaya wa kansa, ya kuma bayyana daga baya cewa kwana biyu bai iya barci ba, kuma ba ya fatan sake yin irin wannan tuƙi. Ita ce nasararsa ta 24 a gasar duniya, kuma ta ƙarshe.

Havana da Reims

Daren 23 ga Fabrairu, 1958, yana tsaye a zauren Otal Lincoln a Havana, babban birnin Kyuba, wani saurayi ya nuna masa ƙaramar bindiga ya fita da shi. 'Yan tawayen Fidel Castro ne, nufinsu su kunyata gwamnatin Batista wadda ta shirya tseren don nuna wa duniya ƙasar lafiya take. Ba su taɓa lafiyarsa ba, sun ba shi haƙuri, bayan an gama tseren kuma suka miƙa shi ga jakadan Ajantina. A tseren da bai shiga ba wata mota ta faɗa cikin jama'a ta kashe mutane. Fangio bai taɓa tona waɗanda suka sace shi ba, daga baya ma ya koma Kyuba suka gana.

Tserensa na ƙarshe a Reims ya yi shi, ranar 6 ga Yuli, 1958, da Maserati da zamani ya wuce ta, fedar kulocinta ma ta karye. Hawthorn, da ke kan gaba, ya cim masa zai yi masa zagaye a dab da layi, sai ya rage gudu ya bar shi ya fara tsallakewa, don girmamawa. Fangio ya zo na huɗu. A wannan tsere ne Musso ya mutu. Kafinsa Ascari ya tafi a 1955, Castellotti da de Portago a 1957. Fangio ya sauka daga mota ya gaya wa bakanikensa ya gama. Cikin tsere 51 da ya tashi a gasar duniya ya ci 24, kusan rabi ke nan, kuma sau 29 shi ne ya tashi a gaban kowa. Kambunsa biyar sun tsaya ba wanda ya wuce su har shekara 46, sai a 2003 Michael Schumacher ya ɗauki na shida.

Ƙarshen Rayuwarsa

Ya koma gida ya ci gaba da cinikin motoci, a 1974 kuma aka naɗa shi shugaban reshen Mercedes-Benz na Ajantina. A 1986 aka buɗe gidan tarihi da sunansa a Balcarce, inda aka tara motocinsa da kofunansa. Direbobin baya sun riƙe shi uba. A 1993, bayan Ayrton Senna ya ci tseren Brazil, ya sauko daga kan dandamali ya rungume tsohon da ya zo miƙa kofi.

Fangio ya rasu a Buenos Aires ranar 17 ga Yuli, 1995, yana da shekara 84, bayan doguwar jinyar ƙoda. An binne shi a Balcarce, Moss da Jackie Stewart suna cikin masu ɗaukar akwatin. Bai taɓa aure ba, kuma a hukumance ya mutu ba magaji na cikinsa. Amma a watan Agusta na 2015, bisa umarnin kotu, aka tone kabarinsa aka ɗebi samfur, saboda ƙarar wasu dattawa biyu da suka ce shi ya haife su, gwajin ƙwayar halitta kuma ya gaskata su. A watan Nuwamba na 2021 aka ɗauke ƙasusuwansa daga maƙabartar garin aka mai da su wani hubbare da aka gina a cikin gidan tarihin, kusa da motocinsa.